Furen Baffa Namadi Marar Asali

Waɗanda suka ci shinkafar bikin Suwaiba a Tudun Wadar Kaduna har yau suna yaba ta. Amma kaɗan ne a cikinsu suka san saura ƙiris a fasa auren, kuma wani fure ne da ko suna ba shi da shi ya tsaya mata. Ga yadda aka yi.

Suwaiba ita ce 'yar fari a wurin Hajiya Yalwa. Tun da mahaifinta ya rasu, Allah Ya ji ƙansa, maganar aurenta ta koma hannun yayansa, Alhaji Namadi, wanda duk dangi ke kira Baffa. Shi kuwa Baffa, Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba shi rufin asiri, sai Ya jarrabe shi da wani ciwo guda da likita ba ya da maganinsa, wato binciken asali. In ka yi masa sallama, kafin ya gama amsawa ya tambaye ka ɗan gidan wane ne. In ka faɗi ubanka ya nemi kakanka. In ka faɗi kakanka sai ya lumshe ido, ya ɗaga haɓa sama kamar mai rabon gado, ya ce, "To, su kuma daga ina suka taso?" Ragon layya ma ba ya saye sai an gaya masa garken da ya fito. An taɓa kiran mai gyaran famfo gidansa, mutumin ya tattara kayan aikinsa ya tafi ya bar ruwa yana tsiyaya, don an tsare shi a tsakar gida ana tambayarsa dangin uwarsa. Nasa asalin kuwa a kan harshensa yake kwana. Yakan ja shi tiryan-tiryan har zuwa wani shehin malami da ya zo daga gabas a kan raƙumi, kuma duk Sallah in ya ba da labarin sai an sami ƙarin raƙuma.

Wanda ya fito neman Suwaiba sunansa Jafaru, malamin lissafi ne a wata sakandare. Unguwa kaf ta shaide shi. Ba a taɓa jin muryarsa ta hau ta wani ba, tsohuwarsa tana gidansa yana jinyarta da hannunsa, kuma in kana nemansa da asuba ka duba sahun gaba. Laifinsa ɗaya ne: kakansa ya zo Kafanchan da aikin jirgin ƙasa, ya yi aure, ya hayayyafa, ya rasu, ba wanda ya tuna ya tambaye shi a wace tasha ya hau. Wasu su ce Banufe ne, wasu su ce daga Chadi ya gangaro, wata tsohuwa kuma ta dage ita dai ta taɓa jin sa yana yi wa saniya Fulatanci.

"Amma Alhaji, kowa yana yabon halin yaron nan," in ji masu kawo masa rahoto.

"Hali?" in ji Baffa. "Mai neman aure ai ko na maƙwabci ya ara ya saka. Ni asali nake tambaya."

Magabatan Jafaru suka zo da goronsu da manyan rigunansu, aka ce musu ana bincike. Suka koma suka sake dawowa, ana bincike. Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka, ana dai bincike.

Ita kuwa Hajiya Yalwa tun zuwansu na farko farin ciki ya ɗebe ta, ta tafi Panteka wurin masu zubin tukwane, ta sa aka zuba mata ta dafa shinkafar biki. Ƙatuwa ce ta gaske, sai an kama ta mutum biyu, ƙato ma zai shige cikinta ya zauna daram. Aka kawo aka kife ta a gindin bango kusa da madafa. Ga ta nan kullum, in Yalwa ta fito alwala sai sun haɗa ido. Kaji suka mayar da ita wurin shan hantsi.

Mai karatu zai ce, to ta yi magana mana. Da wane bakin? Yarinyar 'yar fari ce, ko sunanta Yalwa ba ta taɓa kamawa ba, sai dai "yarinyar nan" ko "'yar taku". Uwa ta buɗe baki ta ce a aurar mata da 'yar fari, ai sai a yi shekara ana ba da labarinta a gidan suna. Ga shi kuma yayan miji, mutumin da tun tana amarya ba ta taɓa sanin launin ƙwayar idonsa ba. Abin da ta iya shi ne duk Juma'a ta yi funkaso ta kai gidan Baffa gaisuwa, ta shirya maganar a ranta tun daga cikin Keke, ta dawo da ita yadda ta tafi da ita.

To a tsakiyar wannan jiran ne fure ya shigo.

Baffa bai daɗe da yin ritaya ba, zaman gida ya soma cin sa. Sai aka ji wani injiniya ɗan ƙasar waje zai koma garinsu, ana gwanjon kayansa. Baffa ya tafi da niyyar kujeru, ya dawo da tukwanen wani fure da ake kira okid cike da bayan mota. Kowace tukunya da 'yar siririyar roba a soke a ciki, da rubutu a jikinta. Tun a hanya ya tsaya ya zare su ɗaya bayan ɗaya ya watsa a bola, don a zatonsa lambar gwanjo ce, kuma ba zai yiwu 'yan majalisarsa su shigo su ga Alhaji Namadi da kayan da wani ya gama yayi ba. Matarsa Hajiya Kubura tana zaune a motar tana kallo. Ta dai adana abin a ranta.

Da aka sauke su ya duba da kyau, sai tausayi ya kama shi. Babu ƙasa a tukwanen ko ƙanƙani, sai ɓawon itace, ga saiwoyi fari-fari sun leƙo waje suna reto.

"Dubi zalunci," ya ce. "Mutum ya iya gina gada amma bai san shuka tana cin ƙasa ba. Ya bar su tsirara, ko sutura babu."

Ya sa aka kawo baƙar ƙasa mai kyau da takin kaji, ya tattare saiwoyin nan ya danna su ciki ya binne, ya jera tukwanen a tsakiyar rana, ruwa safe da yamma, wai baƙi ne a karrama su. Ba a jima ba ganye ya soma rawaya yana zubewa, saiwa ta narke tana wari. Fiye da rabi suka mutu. Baffa ya ce bakin mutane ne.

Sai da ya ga saura 'yan kaɗan sannan ya sauko ya riƙa kallon bayanin masu kiwon furen a waya. Nan ya gano okid irin nasa ba ɗan ƙasa ba ne. A dajinsu jikin bishiya yake maƙalewa, saiwarsa iska take so, binne ta kashe ta ne. Ya zazzage ƙasar da hannunsa, ya yanke ruɓaɓɓun saiwoyi, ya huhhuda tukwanen da ƙusa mai zafi, ya cika su da gawayi da ɓawon kwakwa. Allah da ikonSa, guda uku suka farfaɗo. Ɗaya mai faffaɗan ganye kamar harshen saniya, ɗaya mai gaɓoɓi kamar rake, ɗaya kuma gindinsa a kumbure kamar albasa. Daga ranar Baffa ya zama malamin okid. Bai taɓa ambaton waɗanda ya binne da ransu ba.

Wata Juma'a Yalwa ta shiga da funkasonta, faccalarta Hajiya Kubura ta tare ta tun daga ƙofar madafa.

"Yalwa, shigo ki ga yadda na zama 'yar haya a gidana. Tagar gabas da nake zama in tsince shinkafa an ƙwace. Fankata an ƙwace. Gawayin da nake turare da shi an ƙwace. Ruwan saman da na tara a duro ma an sa masa kwaɗo, wai na famfo yana da magani, zai ɓata musu ciki. Mu da muke shan na famfon ko oho."

"Sai haƙuri, Yaya Kubura."

"Haƙuri ai shi nake ci da miya. Jiya na yi tari kusa da su, ya ce in matsa."

Yalwa ta ƙarasa falo ta durƙusa daga nesa. Baffa yana tsugune gaban tagar, gilashi a kan karan hanci, yana goge ganye da auduga a hankali kamar mai wanke jariri.

"Barka da Juma'a, Yaya."

"Yauwa, Yalwa, matso ki ƙaru. Kin ga saiwar nan? In ta yi ruwan toka, ƙishi take ji, sai a ba ta ruwa da safe ya bi ta hudojin nan ya tsiyaye. In ta yi kore shar ta ƙoshi, ko ɗigo kar a ƙara. Kuma ba a zuba ruwa a tsakiyar ganyen nan, nan ransa yake, in ruwa ya kwana a ciki shi ke nan. Ranar tsaka ba ya son ta, sai ta hantsi, ita ma ta bayan labule. Wannan mai albasar yana da rumbunsa a gindi, yana jure ƙishi. Mai harshen saniyar nan kuwa ba ya da ajiya, sai an kula. Kowanne da halinsa, sai ka zauna da shi za ka sani."

"Ikon Allah," in ji Yalwa. A ranta kuwa tana tuna cewa tun da Jafaru ya fito, Baffa bai taɓa zaunar da shi ya yi masa tambaya ɗaya a kan kansa ba, sai a kan matattu. Don dai ta sami hanyar shiga magana ta ce, "Yaya, shi wannan mai faɗin ganyen ya sunansa?"

Ashe ta taɓa wurin ciwo. Baffa ya gyara gilashi ya yi gyaran murya. Maganar gaskiya, sunan nan ya hana shi sakat. Akwai wata manhaja a wayarsa da ake ɗaukar hoton shuka ta faɗi sunanta. Yau ta ba shi wani dogon suna da harshe ba ya iya juyawa, gobe ya ɗauka ta wani gefen ta ba shi wani daban. Ranar da ya ɗauka da magariba ma cewa ta yi 'yar ayaba ce. Da ya ga wayar ba ta da tsayayyar magana, sai ya yanke hukunci da kansa.

"Sunan yana nan tafe," ya ce. "Amma jinin sarauta ne, wannan ba tantama. Irin wanda ake ajiyewa a fadojin ƙasashen gabas ne, tsantsa, ba gauraye. Daga ganin yadda ganyen ya kwanta kin san gidan da ya fito ba na ƙananan mutane ba ne. Ni ai ido gare ni a kan wannan. Kin taɓa ganin na ajiye abin da ban san asalinsa ba?"

Daga madafa aka ji Hajiya Kubura ta saki murfin tukunya da ƙarfi.

Yalwa ta sunkuyar da kai ta tattaro duk ƙarfin halinta. "Yaya, dama maganar 'yar taku ce..."

"Ana bincike," ya ce, bai ko juyo ba. "An gaya mini akwai wani tsoho a Minna da ya yi aikin jirgi da kakan. Sai dai an ce kunnensa ya tafi, kuma wani lokacin yana ɗaukar mutane a matsayin fasinja. Amma za a je. Aure ba a yi masa gaggawa. Miƙo mini audugar can."

Ta miƙa masa auduga. Ta koma gida ta tarar da kaza a kan tukunyarta.

Ana haka watan Sha'aban ya kama, sai kawun Jafaru ya aiko da saƙo cikin ladabi, ta hannun wata dattijuwa. Ya ce su ba su ƙi jira ba, amma tsohuwar yaron jikinta yana ƙara nauyi, burinta ta ga matarsa da idonta. In har an shiga azumi ba a sa rana ba, za su ɗauka an ba su amsa ne a cikin mutunci, su ma za su janye a cikin mutunci.

Saƙon ya iso kunnen Suwaiba. Ta ci gaba da tafiya aikinta tana dawowa, sai dai tuwon da ake zuba mata yadda aka kai shi haka ake ɗaukowa. Wata safiya Yalwa ta leƙa ɗaki ta gan ta tana mayar da atamfofin da suka ware na fitar biki can ƙasan akwati, tana jera tsofaffin kaya a kansu. Yalwa ta ja da baya a hankali kamar ba ta gani ba. Ta dai kai ƙara inda ake kai ta, bayan kowace sallah.

A cikin kwanakin nan ne mai harshen saniya ya fito da wani tsiro daga gindin ganye. Baffa ya ɗauka sabuwar saiwa ce, sai da ya ga ta miƙe sama ta yi 'ya'ya. Ya kafa mata tsinke ya ɗaure da zare. Rannan da safe aka wayi gari fure ya buɗe, fari tas, da jijiyoyi ruwan hoda, jere a kan sanda kamar balbelu a reshe. Gaskiya abin ya yi kyau, tsarki ya tabbata ga Wanda Ya yi shi. Baffa kuwa saura kaɗan ya yanka rago. Ya bubbuga waya ya gayyaci 'yan majalisarsa da limamin unguwa su zo Juma'ar ƙarshe ta Sha'aban bayan la'asar. Babban baƙo shi ne Farfesa Tukur, abokin karatunsa tun firamare, wanda ya yi rayuwarsa yana koyar da ilimin tsirrai a jami'a. Tunda fure ya fito, in ji Baffa, yanzu masani zai kalle shi ya faɗi sunansa da na gidansu a gaban shaidu, masu cewa 'yar ayaba ce su ji kunya.

Ranar Yalwa ma ta zo da funkasonta, ta san in ta fita gidan nan yau ba ta yi magana ba, sai dai ta nemi mai sayen tukunya. Ta tarar falo cike da manyan riguna. Ta zauna a ciki wurin Hajiya Kubura, labule kawai ya raba su da maza, duk abin da ake faɗa yana shigo musu.

An ɗora furen a kan tebur a tsakiya, an shimfiɗa masa farin ƙyalle. Farfesa Tukur ya zagaya shi, ya leƙa ƙarƙashin ganye, ya taɓa saiwa da ɗan yatsa.

"Namadi, ka ba ni mamaki. Kai da ko gyaɗar makaranta ba ta taɓa fito maka ba. Lafiyarsa ƙalau, saiwa cike, ganye da ƙarfi. Ka iya."

Baffa ya kalli jama'a ɗaya bayan ɗaya don kowa ya shaida. "To sai ka faɗa musu sunansa da asalinsa."

"Ina 'yar robarsa?"

"Wace roba?"

"Wadda ake sokewa a tukunya, mai rubutu. Ita ce ke ɗauke da sunansa da na iyayensa."

Baffa ya gyara hula. "Ai... bai zo da ita ba."

Daga bayan labule Hajiya Kubura ta ce wa Yalwa, da muryar da ta tabbatar ta tsallake labulen, "Tana bolar unguwar Kawo, kusa da mai faci."

Wani ya shaƙe da lemo. Farfesa ya cire gilashinsa ya share ido.

"To Namadi, sai dai haƙuri. Babban danginsa na sani, duk masu faɗin ganyen nan gida ɗaya ne, kuma abin da kake bukata ke nan don ka kula da shi. Amma wannan ɗan haɗi ne. Masu sana'ar suna ɗaukar garin furen wannan su sa wa wancan, abin da aka samu a sake haɗa shi da wani, a sake, a sake, har kakanni su cakuɗe. Masu kama da shi sun fi a ƙirga, farare masu jijiya iri ɗaya, iyaye daban-daban. In robar ta ɓace, babu mai iya gaya maka ubansa, ko ni, ko wayarka, ko wanda ya haɗa shi da hannunsa."

"Amma jinin sarauta ne dai," in ji Baffa, muryarsa ta ɗan sauka.

"Wace sarauta? A babban kanti ake sayar da irinsa, kusa da sabulu. Wani kakan wataƙila daga wani tsibiri, wani daga wani dajin, sauran Allah kaɗai Ya sani."

Sai Alhaji Ilu, wanda Baffa ya taɓa ɓata wa auren ɗa a kan wata kakar da ba a gano garinsu ba, ya tuntsire da dariya har hularsa ta zame.

"La ilaha illallahu! Namadi! Ashe tsintacce ka ba wa tagar gabas? Tsintacce ka sa wa duro kwaɗo dominsa?"

"Ka ce a ba ka ruwan famfo kai ma ka sha, shi a ba shi na sama," wani ya ƙara.

"Ni dai shawarata," in ji Alhaji Ilu yana share hawaye, "a fitar da shi kafin ya ɓata sunan gida. A kai shi baya wurin zogale, can ne ba a tambayar kowa. Ko ka ba ni in kai wa awakina, su ma ba su da takarda."

Ya miƙa hannu kamar zai ɗauka. Baffa ya yi wuf ya rungume tukunyar a ƙirjinsa, gawayi yana zuba a kan farar shaddarsa.

"Kar ka taɓa shi! Ba inda za shi!"

"Marar asalin?"

"Eh, marar asalin! Kai ka san shi ne? Ni na zauna da shi. Na san ƙishinsa, na san ƙoshinsa. Na zalunce shi da farko, na binne shi da taki, bai riƙe ni ba. Ɗan ruwa nake ba shi da ɗan hantsi, dubi abin da ya mayar mini. Ina ruwana da kakansa? Kakan ne zai taso ya yi mini fure? Abu in yana gabanka, ganyensa za ka duba, ka duba saiwarsa, ka ga lafiyayye ne ko ruɓaɓɓe. Wanda ya bar wannan ya tafi tonon kakanni, ai ba shi da aikin yi ne!"

Liman ya gyaɗa kai a hankali. "Wallahi Alhaji ka yi magana. Wannan ko a huɗuba aka faɗe ta ta zauna."

A bayan labule Hajiya Kubura ta zunguri Yalwa da gwiwar hannu. Yalwa ta kalli labulen. Ta tuna atamfofin nan a ƙasan akwati. Ta yi bisimilla a zuci, ta gyara mayafi, ta ɗaga gefen labulen ta durƙusa a bakin ƙofa, idonta a kan kafet. Ta gai da liman, ta gai da baƙi, kamar mai shirin sallama ta tafi gida.

"Yaya, mun ji bayani daga ciki, Allah Ya ƙara sani. Na ce, to shi yaron nan na Kafanchan fa?"

"Wane yaro?" in ji liman.

"Jafaru mana, malamin lissafi," Alhaji Ilu ya amsa da sauri, daɗi kamar ya kashe shi. "Mai neman 'yar marigayi. Tun bara ake neman tashar da kakansa ya hau jirgi."

"Jafaru?" Liman ya juyo gaba ɗaya. "Wanda ke tsayuwa a bayana? Shi ake wa bincike?"

Idanu suka taru a kan Baffa, yana tsaye rungume da tukunya, fure yana rawa a gefen kunnensa. Ya haɗe rai, ya nemo muryar da yake korar magabata da ita.

"Yalwa, ki san abin da kike haɗawa. Wannan daban, wancan daban. Wannan a tukunya yake, a gabana, ina duba shi safe da yamma. Wancan kuwa a ina zan duba shi?"

Yalwa ba ta ɗago kai ba.

"In don wannan ne, Yaya, abin ya zo da sauƙi. Tukunyar biki tana nan a kife, kaji ke hawa. Gobe da hantsi sai in sa a zuba gawayi, a zaunar da shi a ciki a kawo maka, ka duba saiwarsa."